Wasiƙa Zuwa ga Masu Rubuta Manhaja a Kan Sanin Silsilar Abin Dogaro

'Yan'uwana ma'abota wannan sana'a, maƙasudin takardar nan shi ne tunatarwa a kan wani al'amari wanda galibinmu ba mu waiwayarsa sai ranar da ya ɓaci, wato ƙunshe-ƙunshen manhaja waɗanda ayyukanmu ke jingine da su, da sigar kowannensu.

A zamanin nan ba mai gina manhaja tun daga tushe shi kaɗai. Kowa yakan ɗauko ƙunshin da wani ya wallafa ya ɗora nasa a kai, wancan kuma yana jingine da wani, shi ma da wani, har silsilar ta yi tsawon da mai aikin bai san iyakarta ba. Malaman hadisi kuwa ba su karɓar matani sai sun tantance isnadinsa mutum bayan mutum, domin sun haƙiƙance raunin mai riwaya guda a tsakiya yana raunana riwayar baki ɗaya. Irin wannan takatsantsan nake roƙonku da shi.

Ku tuna watan Maris na 2016, sa'ad da wani mawallafi ya sami saɓani da masu kula da rumbun npm, ya janye ƙunshinsa fiye da 250, cikinsu har da left-pad, wanda bai wuce layi 11 ba, aikinsa kuwa cike gurbi a hagun rubutu kawai. Nan take ayyuka dubbai, har da Babel, suka ƙi ginuwa, alhali da yawa daga masu su ba su taɓa jin sunansa ba, sai da aka maido shi ƙura ta lafa. Kayan aro ba ya rufe katara: abin da za ku iya rubutawa da hannunku cikin minti kaɗan, kada ku aro shi.

Wanda kuwa ya zama dole a ara, to a fahimci lambobinsa. Idan an rubuta 2.4.1, bisa al'ada lambar farko tana sauyawa ne in an yi canjin da zai karya tsohon aiki, ta biyu in an yi ƙari, ta uku in an gyara kuskure. Sai dai wannan alkawari ne na mawallafi, ɗan Adam kuwa ajizi ne, kuma duk wanda ya sa alamar ^ a gaban lamba, ya sani ya wakilta wani ne ya sauya masa siga ba da saninsa ba. Maganin wannan shi ne fayil ɗin kulle, wanda npm ke rubutawa da kansa tun siga ta 5 a 2017. Ku adana shi tare da aikin, domin abin da ya ginu a kwamfutarku ya zama shi ne ainihin abin da zai ginu a ta abokan aikinku. In kuma ƙunshi biyu suka yi saɓani a kan sigar na uku, kada ku tilasta, ku karanta sharaɗin kowanne tukuna ku yi hukunci.

Amma kullewa ba hujjar sakaci ba ce. A Disamba 2021, da aka gano babban aibi a ƙunshin Log4j, an fitar da sigogin gyara huɗu, daga 2.15.0 zuwa 2.17.1, cikin watan guda. Waɗanda suka fi shan wahala kuwa su ne waɗanda ba su ma san yana cikin silsilarsu ba, da waɗanda suka bar sabuntawa ta taru musu shekara da shekaru. Saboda haka ku ware lokaci sananne, ku sabunta ƙunshi ɗaya bayan ɗaya, ku karanta bayanin sauye-sauye, ku jarraba kafin ku saki.

Mai amfani da manhajarku bai san waɗancan mawallafa ba, ku ya sani, kuma a hannunku ya sa amanarsa. Allah ya ba mu ikon sauke ta.

Wassalam,
ɗan'uwanku a sana'a.