Wanda Ya Zo Birni Bai Rabu da Dutse Ba

Sau da yawa akawu ko malamin makaranta, in aiki ya ɗauke shi daga Kambaza zuwa Kano, sai ka ji yana kukan ya rabu da tuddan ƙasar Gwandu, ba wurin miƙe ƙafa sai daga ofis zuwa ɗaki. A ganinmu wannan kuka ba shi da tushe.

Ga Dutsen Dala a cikin birni, inda Barbushe ya zauna, an yi masa matakala har bisa. Ga Goron Dutse kusa da shi. Wanda kuwa ya ke son hawa na kamawa da hannu, sai ya nufi Kufena a Zariya ran hutu. Amma kada ya tafi shi kaɗai, kada kuma ya hau bayan ruwa, gama jiƙaƙƙen dutse santsi gare shi. Ko Hillary da ya hau Everest a 1953, tare da Tenzing ya hau.

Abin baƙin ciki, gine-gine da shara suna cin gindin Dala. Malamai, ku kai yara su hau, su ga birni daga bisa. Wanda ya san darajar dutsen nan, shi zai tsare shi gobe.