Kafin Tsatsa Ta Cinye Shaida

A wannan lokaci da ƙarar bindiga ta hana ƙauyukanmu barci, duk wanda ya ɗauko zancenta sai an yi masa wani kallo. Duk da haka yau zancenta za mu yi, domin akwai tarihinmu da ke rubuce a jikin ƙarfe, kuma yana gogewa.

Mu ɗauki Lee-Enfield, bindigar sojan Ingila mai cin harsashi 10, wadda iyayenmu suka sani a hannun 'yan sanda da sunan Mak 4. Irinta kakanninmu suka saɓa a Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma lokacin yaƙin Bama, tsakanin 1943 da 1945.

Kusan kowace ɗaya tana ɗauke da tarihinta. Hoton kambi da haruffan GR na nufin zamanin Sarki Joji, ga shekarar ƙira a kusa. BSA kamfanin Birmingham ne. Lithgow a Ostareliya take, Ishapore a Indiya, Long Branch a Kanada. Waɗanda kamfanin Savage ya ƙera a Amurka an buga musu U.S. PROPERTY, saboda da sunan aro aka bai wa Ingila su. 'Yar kibiyar nan mai baki uku shaidar mallakar gwamnati ce. FTR na nuna an mayar da ita masana'anta an yi mata garambawul, DP kuwa ta koyon fareti ce kawai, ba a harbi da ita.

Masu tara kayan tarihi a Ingila da Amurka sun daɗe suna tattara waɗannan alamomi ɗaya bayan ɗaya, har sun zama littattafai. Mu da kakanninmu suka zubar da jini riƙe da su, me muka rubuta?

Wani zai ce wannan ɗaukaka makami ne. Sam. Riƙe bindigar soja ba da izini ba laifi ne a dokar Najeriya, kuma ba mu kiran kowa ya ajiye ta. Alƙalami da kyamara muke kira a ɗauka. Duk tsohuwar bindigar da ke gidan tarihi, ko wadda hukuma ta karɓe za ta lalata, a ɗauki hoton alamominta, a rubuta lambarta da inda aka same ta. Masu kula da su kuma su daina goge su da samfefa don su yi ƙyalli, gugar nan shafin tarihi take yagewa.

Aikin bai fi ƙarfin ɗaliban tarihi da ƙungiyoyin marubuta ba, muddin gidajen tarihi irin na Yaƙi da ke Umuahia da Gidan Makama na Kano suka buɗe ƙofa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta.

Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Muna jiran ra'ayoyinku.