Masuntan Annobon: Hakkin Talaka Ba Ya Nutsewa A Teku

Can ƙuryar Tekun Gini, kudu da tsibirin Sawo Tome, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Annobon wanda girmansa duka bai wuce murabba'in kilomita 17 ba. Yanki ne na ƙasar Ikwatoriyal Gini, amma tsakaninsa da birnin Malabo akwai tafiyar kusan kilomita 700 ta ruwa. Mutanensa 'yan dubbai ne kawai, kuma kusan dukansu masunta ne da ƙananan manoma. Halin da suka daɗe a ciki ya isa ya zama abin nazari ga duk ma'aikacin da aka ɗora wa amanar jama'a, da duk ɗalibin da ke shirin ɗaukar wannan amana gobe.

Yawancin jama'ar suna zaune ne a San Antoniyo, garin da ke bakin gaɓar arewa, sauran ƙauyukan kuwa ana zuwa can ne lokacin noma da su. Tsibirin tsohon dutse ne mai aman wuta, saboda haka filin noma kaɗan ne. Mata ke hawa gangaren dutse su shuka rogo da doya da gwaza da ayaba, maza kuma su sassaƙa kwalekwale daga gungumen rimi, su shiga teku da filafili da ƙugiya. Abin da aka kamo a ci, saura a sa masa gishiri a shanya. Amma shinkafa da sabulu da man fetur da magani, sai jirgi ya kawo. In jirgi ya yi jinkiri, to mai ciwo da mai naƙuda sai haƙuri.

Tarihi ya nuna cewa mutanen nan ba raggwaye ba ne. Turawan Fotugal ne suka fara sauka can wajen ƙarshen ƙarni na 15, suka sa masa suna da ke nufin "shekara mai kyau", suka kawo bayi daga Afirka suka zaunar. Daga cuɗanyar nan aka sami harshensu, Fa d'Ambu. A 1778 Fotugal ta miƙa wa Sifen tsibirin ba tare da shawarar kowa ba, jama'a suka ƙi karɓar sababbin iyayengijin, suka ci gaba da tafiyar da al'amuransu da kansu har sama da shekara ɗari, kafin 'yan mishan na Sifen su kafa zama a 1885.

Abin takaici shi ne, wuyar da suka sha bayan samun mulkin kai a 1968 ta fi ta zamanin Turawa. Shugaban ƙasa na farko, Masiyas Ngema, ya hana su, ya sa aka farfasa kwalekwale a ƙasar don kada mutane su gudu. A wurin da kifi ne abinci, wannan hukuncin yunwa ne. A 1973 annobar kwalara ta faɗa wa tsibirin, gwamnati ta hana a kai agaji, mutane da yawa suka mutu. Da Nijeriya ta kwashe leburorinta daga gonakin koko na Fanando Fo tsakanin 1975 da 1976 saboda cin zarafin da ake yi musu, sai aka tara mazan Annobon aka kai su can aikin tilas don cike gurbin. Watau ceton da aka yi wa 'yan Nijeriya ya bar wani nauyi a wuyan maƙwabtansu, ko da yake ba Nijeriya ce ta ɗora shi ba.

An hamɓarar da Masiyas a 1979, amma tsibirin bai huta ba. A 1988, shekarar da aka gano sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel, jaridu suka ba da labarin shirin jibge irin wannan shara a Annobon. Dalilin zaɓen wuraren biyu ɗaya ne: ana ganin talakawa ne da ke nesa, waɗanda kukansu ba zai kai kunnen kowa ba. Irin wannan ta'asa ce ta sa ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako a 1991, wadda ta haramta shigo da shara mai guba nahiyar.

Wani zai ce ai ba a kashe kuɗi mai yawa a kan mutane kaɗan. Wannan lissafi bai cika ba. Bisa ga dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, kowace ƙasa na da ikon cin moriyar ruwan da ke kewaye da ita har nisan mil 200 na teku, kuma tsibirin da mutane ke zaune a kansa yana da wannan hakki cikakke. Faɗin ƙasar Ikwatoriyal Gini a tudu bai fi murabba'in kilomita 28,000 da 'yan kai ba, amma ruwan da take iko da shi ya kai kimanin 300,000, kuma kaso mafi girma na kewaye ne da Annobon. Ruwan nan yana da albarkar kifin tuna, wanda manyan jiragen ƙasashen waje suka daɗe suna kwasa. Ashe masuncin da ke cikin kwalekwalen rimi shi ne ke riƙe wa ƙasarsa wannan dukiya, da zamansa kawai a wurin.

Gaskiya ne, bayan da ƙasar ta sami arzikin man fetur a shekarun 1990, an gina wa tsibirin tashar jiragen ruwa da filin jirgin sama. Wannan abin a yaba ne. Sai dai gini ba ya maye gurbin sauraron jama'a. A watan Yulin 2024 mazauna tsibirin suka rubuta wa hukuma takardar koke a kan nakiyar da wani kamfanin gine-gine ke fasa dutse da ita, suka ce tana lalata musu gonaki da ruwan sha. Amsar da suka samu ita ce kame mutane da dama da yanke hanyar intanet, kuma bayan shekara guda rahotanni sun nuna ba a maido da ita ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hukumar da ta toshe bakin mai koke ta toshe idon kanta ne.

A 2022 wasu 'yan tsibirin, waɗanda jagororinsu ke zaune a Sifen, sun yi shelar ɓallewa, kuma babu ƙasar da ta amince da su. Hakan ya yi daidai da shawarar da shugabannin Afirka suka yanke a Alƙahira a 1964 ta mutunta iyakokin da aka gada, kuma Nijeriya, wadda ta yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ta san tsadar rarrabuwa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Haɗin kan da ba ya tafe da adalci, bindiga kaɗai ke riƙe da shi, bindiga kuwa ba ta sa mutum ya ƙaunaci tuta.

Abubuwan da ake bukata ba su fi ƙarfin ƙasa mai man fetur ba: jirgin ruwa mai zuwa a kan ƙayyadadden lokaci, asibiti mai likita da magani, ɗakin ƙanƙara don ajiye kifi, keɓe ruwan da ke kusa da gaɓa ga masu kwalekwale, da ware wa tsibirin rabo sananne daga kuɗin lasisin su. Nijeriya da Ikwatoriyal Gini duka suna cikin Hukumar Tekun Gini da aka kafa a 2001, don haka akwai zauren da za a faɗi wannan magana cikin mutunci, kuma ya kamata Gwamnatin Tarayya ta faɗe ta. Haka nan ya dace ta dubi nata masuntan na tsibiran Tafkin Chadi da na lungunan Neja Delta, domin jami'in da bai taɓa taka ƙauye ba, da wuya ya tuna da shi ranar kasafin kuɗi.