WAI DON YA AJIYE AIKIN AKAWU SHI NE YA HAUKACE?

Jama'a, ina da magana a kan wani yaro namu na nan Tudun Wada, ɗan wani tela na Kasuwar Barci. Ba zan faɗi sunansa ba, waɗanda suka san shi sun san shi. Shekara shida yana akawu a wani kamfani. Watan jiya ya rubuta takarda ya ajiye aikin, ya ce wasan kwaikwayo zai sa gaba, ya rubuta da hannunsa ya kuma fito a ciki. Tun ran nan bai huta da bakin mutane ba. Wasu sun ce asiri aka yi masa, wasu sun ce ya zama maroƙi. Har iyayen yarinyar da ya kai wa kuɗin gaisuwa sun aiko a zo a kwashe kaya.

To, ina tambayar masu wannan surutu, wa ya gaya muku albashi dutse ne da ba ya motsi? Ku je Kakuri ku gani da idonku. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957, wadda dā in ka sami aiki cikinta sai a ce kakarka ta yanke saƙa, an garƙame ta a 2002. Ma'aikatanta suka yi shekara da shekaru suna bin hakkinsu, da yawa har suka koma ga Allah ba su karɓa ba. A 2017 kuma gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce fiye da 21,000 sun faɗi, aka sallame su. Su ma ai masu albashi ne, su ma an ba su mata don albashin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne har da 'yan kasuwa cikin masu dariya. Haba Alhaji! Kai da ke zaune a rumfa tun safe, wa ke biyanka ƙarshen wata? Ba jarinka ka zuba ka dogara ga Allah ba? Yau a yi ciniki, gobe a tashi ko sisi. To shi ma jari ya zuba, sai dai nasa a ka yake. In kasada hauka ce, ashe duk kasuwar nan gidan mahaukata ce.

Ba shi ne farau ba. Usman Baba Pategi soja ne, ya tuɓe kaki ya kama wasa a nan Kaduna, ga shi har ya rasu a 2023 ba wanda bai san Samanja Mazan Fama ba. Rabilu Musa Ibro ma'aikacin gidan yari ne, ya bari ya shiga wasan ban dariya. Ku dubi abin da ya same shi a Kano a 2008: aka gurfanar da shi a kan wasansa, aka yanke masa wata biyu. Mai tsaron fursuna ya koma fursuna! Da ya rasu a 2014, talakawa ne suka yi kukansa, don shekara da shekaru shi ke ɗebe musu kewa. In da zamansa ya yi yana kaɗa mabuɗi a ƙofar kurkuku, wa zai tuna da shi yau?

Manya ba ƙin mai fasaha suke yi ba. Suna son mawaƙi matuƙar zai tsuguna ya wasa su a jefa masa riga. Wanda ba sa so shi ne mai cin gashin kansa, wanda ba a iya aika masa da takardar kora in ya kwaikwayi mai karɓar haraji a dandali. Albashi linzami ne, ni da nake cin sa na sani. Malam Aminu Kano ma sai da ya ajiye aikin koyarwa a Maru a 1950 sannan bakinsa ya buɗe sosai.

Ba na ce kowa ya watsar da aikinsa ba, kada gobe a ce akawun jam'iyya ya zuga yara. Yunwa gaskiya ce. Yaron nan yana da tsohuwa da ƙanne a wuyansa, kuma na gaya masa haka a gaban ubansa. Amma in ya sha wuya, laifin wa? Mu ne za mu kalli wasa mu yi dariya har da hawaye, in an zo biyan kuɗin ƙofa sai mu ce ai ɗan gida ne. Mu ne ke tura wa juna aikin mutum ta waya kyauta, alhali ba mai yarda a ɗauki yadi ɗaya a rumfarsa ba biya. Jam'iyyarmu ma ba ta kuɓuta ba. Sau nawa muka kira masu waƙa taro, suka tara mana jama'a, muka sallame su da "Allah ya saka"?

Saboda haka zan kawo shawara biyu gaban taron reshe ran Asabar. Duk mai waƙa ko wasa da muka gayyata, a yanka kuɗinsa tun kafin ya zo, a rubuta a littafi, a biya shi ranar. Sannan a tashi dattawa uku su je su ga uban yarinyar nan kafin a taɓa kayan. Wanda ke da ja, ya zo ya faɗa a gaban jama'a.