Ciwon damuwa da fargaba ga mai juna biyu: ciwon da muke kira laulayi

A watan Satumba na shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora tana kira ga ƙasashe su sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin awon ciki da kula da mai jego. Hukumar ta ce kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da irin wannan larura lokacin ciki ko cikin shekarar da ta haihu, kuma kashi 20 cikin 100 na waɗanda abin ya kama sukan yi tunanin kashe kansu ko su cutar da jikinsu.

Ciwon damuwa ya wuce ɓacin rai na kwana ɗaya ko biyu. Mace takan kwashe mako biyu ko fiye cikin ƙunci, abin da take jin daɗinsa a da ya fita daga ranta, barci da cin abinci su rikice, tana ganin ba ta da amfani. Sau da yawa fargaba tana zuwa tare da shi: faɗuwar gaba, bugun zuciya, da zullumin mutuwa wajen haihuwa wanda ba ya barinta ta runtsa. Idan biyun suka haɗu ciwon ya fi tsanani, ya fi daɗewa. Da yake gajiya da rashin barci suna cikin alamun laulayi, sai mu ce mata ta yi haƙuri, kowace mace haka ta yi. Wani lokacin mu ce iska ce, ko ƙarancin tawakkali.

Barin ciwon yana da illa. Mai fama da shi takan daina zuwa awo, takan bar shan maganin ƙarin jini. Bincike ya danganta shi da haihuwar bakwaini da jariri mara nauyi, kuma wadda ta yi shi da ciki ita ta fi kusa da yin sa a jego. Abubuwan da ke ƙara haɗarinsa mun san su a gidajenmu: talauci, duka da gori daga miji, haihuwa a kai a kai, ɓari ko rasuwar jariri a baya, da cikin fari a ƙuruciya. A Nijar, inda kimanin 'yan mata uku cikin huɗu ke aure kafin shekara 18, wannan batu ya shafi gidaje masu yawa.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci a ƙasashenmu, amma akwai abin koyi. A ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan an horar da mata ma'aikatan lafiya na unguwa su riƙa zama da masu ciki suna tattaunawa bisa tsari. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna ciwon ya ragu ƙwarai, har Hukumar ta mayar da tsarin littafin horo a 2015. Akwai kuma ma'aunin Edinbara mai tambayoyi goma, wanda ungozoma za ta iya cikewa cikin mintuna kaɗan a ranar awo.

Mu a masallatai da makarantun Islamiyya muna da namu aikin. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah (SAW), don haka baƙin ciki ba shaida ba ne na raunin imani. Malami ya yi wa mace addu'a, sannan ya ce a kai ta asibiti. Miji ya raka matarsa awo, ya faɗa wa ungozoma abin da yake gani a gida. Wadda take shan magani kada ta daina saboda ciki sai da shawarar likita. Idan kuwa ta ambaci son mutuwa, a ranar za a kai ta. Allah ya sauke su lafiya, amin.