Fushi Ba Gāba Ba Ne: Darasi Daga Ƙasar Kazaure

Duk wanda ya zauna a Kazaure ba zai manta da watan Nuwamba na 2003 ba, lokacin da aka ƙone majami'u da dama tare da gidaje da shaguna bisa zargin ɓatanci. A watan Satumba na 2006 kuma irin wannan ta auku a Dutse, babban birnin Jihar Jigawa. Yau an wuce shekara 20 da abin Kazaure, gine-gine sun tashi, amma tambayar ita ce, zukata fa?

Wannan tambaya tana da nauyi a wurinmu domin yadda zamanmu yake. Mai bi a Roni ko Gwiwa ko Babura ba baƙo ba ne. Bahaushe ne, sau da yawa wansa Musulmi ne, gonakinsu iyaka ɗaya, kasuwarsu ɗaya, wurin biki da ta'aziyya ɗaya. Idan ya riƙe gāba, da jininsa yake gāba. Abin tsoro ma shi ne 'ya'yan da aka haifa bayan 2003 suna gadon ɗacin abin da ba su gani ba, daga bakin iyaye suka ji.

Littafi Mai Tsarki bai hana fushi gaba ɗaya ba. A Afisawa 4:26 Manzo Bulus ya yarda mutum yakan husata, sai dai ya sa wa fushin wa'adi, wato faɗuwar rana. Fushin da ya kwana shi ne yake rikiɗa ya zama ƙiyayya. Kayinu, a Farawa sura 4, an gargaɗe shi tun fuskarsa tana murtuke, bai ji ba, ƙarshenta ya kashe ƙanensa.

Wani zai ce, to, sai mu yi shiru a ci gaba da cutarmu? A'a. Gafara dabam, barin hakki dabam. Sa'ad da aka bulale Bulus a Filibi ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita kurkuku a ɓoye, sai da mahukunta suka zo da kansu (Ayyukan Manzanni 16). Hakkinsa ya nema, bai rama ba. Mu ma sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini. Idan an taɓa filin majami'a ko gonar mai bi, akwai mai unguwa da dagaci da hakimi, akwai kotu, akwai kuma shugabannin CAN. Abin da Romawa 12:19 ta hana shi ne ramuwa da hannunmu.

Amma mu fara daga gida. Wanda ya ƙi gaisawa da ɗan'uwansa saboda rabon gado, ko matar da ba ta magana da surukarta alhali suna zumuntar mata ɗaya, da wane baki za su yi wa maƙwabta wa'azin salama? Matta 18:15-17 ta shimfiɗa hanya: ka same shi ku biyu, in ya ƙi ka ɗauki shaidu, sa'an nan a kai gaban ikilisiya. Mu kuwa mukan fara da gulma a kasuwa.

Fastoci da dattawa su duba, kafin Jibin Ubangiji mai zuwa, su wa ke gāba a cikin garkensu, su kira su su zauna. Iyaye kuma su faɗa wa 'ya'ya gaskiyar tarihi, amma kada su ba su gadon ƙiyayya.

Allah ya ba mu zuciyar gafara. Amin.