Ɗaliban injiniya a Zariya, azuzuwa a Ɗandamisa: Lokaci ya yi da za a haɗa su

A shekarar 1998, wani ɗalibi ɗan ƙasar Burkina Faso mai suna Francis Kéré, wanda ke karatun zayyanar gine-gine a Jami'ar Fasaha ta Berlin da ke Jamus, ya kafa wata 'yar ƙungiya shi da abokan karatunsa domin tara kuɗin gina makarantar firamare a ƙauyensu, Gando. Zuwa 2001 an kammala azuzuwa uku. Mutanen ƙauyen ne suka yi aikin da hannunsu: maza suka buga tubali, mata suka ɗebo ruwa, yara suka tara duwatsun da aka zuba a harsashi. A lokacin ko digirinsa bai kammala ba. Wannan makaranta ta samu lambar yabo ta Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ake ɗauka a matsayin mafi girma a fannin zayyanar gini a duniya.

Ba shi kaɗai ba ne. A 2001 wani malamin injiniya a Jami'ar Colorado ta Amurka, Farfesa Bernard Amadei, ya kwashi ɗalibansa takwas zuwa ƙauyen San Pablo a ƙasar Belize, suka samar wa mutanen wurin ruwan sha. Daga wannan tafiya aka kafa ƙungiyar Engineers Without Borders ta Amurka a 2002, wato injiniyoyin da iyakar ƙasa ba ta tare su. Tun daga lokacin, ɗalibai daga jami'o'in Turai da Amurka ke tsallaka teku a lokacin hutu suna gina azuzuwa da gadoji da rijiyoyi a ƙauyukan Afirka da Asiya da Kudancin Amurka.

Abin da ya kamata mutanen arewacin Jihar Kaduna su tambayi kansu shi ne, idan ɗalibi zai taso daga Berlin ko Colorado don irin wannan aiki, me ya hana na Samaru? Daga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, zuwa Ɗandamisa a Ƙaramar Hukumar Maƙarfi, tafiya ce ta mota da mutum zai je ya dawo a yini guda. Jami'ar na da sassan injiniyan gine-gine da zayyana da ƙididdigar kuɗin gini da albarkatun ruwa. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a nan Zariya. Duk shekara waɗannan makarantu na yaye ɗaruruwan matasa da suka iya lissafin nauyin rufi a takarda, amma da yawansu ba su taɓa tsayawa a kan gini tun daga haƙar harsashi har zuwa buga kwano ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya saba bin ƙauyukan Maƙarfi da Ikara da Kudan ya san abin da iskar farkon damina ke yi wa makarantun firamare. Hadarin watan Afrilu ko Mayu kan yaye kwano ya jefar a gona, silin ya zubo, sai a tattara yaran aji biyu ko uku a ɗaki ɗaya, ko a koma gindin bishiya. Da ruwa ya sauka an tashi. Manomin da ke da rake ko tumatir ko barkono a gona, idan ya ga haka, ba ya daɗewa yana shawara kafin ya ce ɗansa ya bi shi fadama. A shekarun baya Asusun UNICEF ya ce yara kimanin miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Wani kaso na wannan adadi daga irin wannan ajin da ya rasa rufi yake farawa.

Abin takaicin shi ne, dalilan lalacewar ba ɓoyayyu ba ne, kuma ɗan aji uku a sashen injiniya zai iya lissafa su. Ana buga bulo da siminti kaɗan, a ja buhu ɗaya ya fitar da abin da ya wuce ƙa'ida. Ana ɗora katakon rufi a kan bango a buga ƙusa kawai, ba a ɗaure shi da ƙarfe a jikin kankaren saman bango ba, sai iska ta shiga ƙarƙashin kwano ta ɗaga shi gaba ɗaya. Ana kafa ginin tagoginsa na kallon gabas da yamma, rana ta riƙa dukan yara safe da yamma. Ba a yi wa ruwan rufi hanya, sai ya riƙa cin gindin bango. Ba a shuka bishiyoyin da za su karya ƙarfin iska. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar na'ura daga ƙasar waje. Sani suke buƙata, da mai tsayawa a kan aiki.

Hanyar haɗa ɓangarorin biyu ma tana nan a shimfiɗe. Tun 1973 Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, ya ƙirƙiro shirin SIWES, wanda a ƙarƙashinsa ɗaliban injiniya na jami'a ke yin wata shida na sanin makamar aiki a shekararsu ta huɗu. Kowa ya san yadda abin ke ƙarewa ga da yawa: a nemi wani ofis a riƙa leƙawa, a cike littafin rahoto, a samu mai buga hatimi. Da za a ware ɗalibai goma ko goma sha biyar, ƙarƙashin malaminsu, a ba su bulok ɗaya mai aji uku a mazaɓar Ɗandamisa, su auna fili, su gwada ƙasa, su zana, su ƙididdige kuɗi, su tsaya har a gama, da sun koyi abin da ofis ba zai koya musu ba. Jami'ar kuma da ta sauke ɗaya daga cikin nauyinta uku, domin bayan koyarwa da bincike, hidimta wa al'umma na cikin aikin kowace jami'a.

Sai dai kyakkyawar niyya kaɗai ba ta riƙe rufi. A 2013 aka gina wata makaranta mai yawo a kan ruwa a unguwar Makoko da ke Legas, duniya ta yi ta yabon ta, ta ci kyaututtuka. A watan Yunin 2016 ta rushe bayan wani ruwan sama mai ƙarfi. Allah Ya taƙaita, an riga an kwashe yaran daga cikinta. A ranar 12 ga Yulin 2024 kuwa, ginin makarantar Saints Academy a Jos ya rufta kan ɗalibai, aka rasa rayuka 22. Don haka duk shirin da zai saka ɗalibai a ginin makaranta, dole ya zo da sharuɗɗa.

Na farko, ɗalibi mai koyo ne. Kada a saka bulo ɗaya sai injiniya mai rajista da hukumar COREN ya duba zanen ya sa hannu, kuma ya riƙa zuwa wurin a matakan da ba a gyara kuskurensu daga baya, wato harsashi da zuba kankare da ɗaure rufi. Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya na da mambobi a Zariya da Kaduna da za su iya bayar da wannan lokaci.

Na biyu, ginin ya zama na mutanen gari. Ƙasar Hausa ta san aikin gayya tun kafin a san kalmar sa-kai, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dagaci da masu unguwanni da limamai da kwamitin kula da makaranta su ne za su nuna fili, su faɗi abin da suka fi buƙata. Mai yiwuwa a wani wurin abin da ke hana 'yan mata manya zuwa makaranta rashin makewayi ne, a wani wurin kuma rashin ruwa. Maginan garin da kafintocinsa a ɗauke su aiki a biya su haƙƙinsu, domin bayan ɗalibai sun koma Zariya, su ne za su gyara abin da ya lalace.

Na uku, a duba kayan da ke ƙarƙashin ƙafa. Sirrin makarantar Gando jar ƙasa ce da aka cakuɗa da ɗan siminti aka matse ta zama tubali, sannan aka ɗaga kwanon sama da silin domin iska ta ratsa ta kwashe zafi. A garin Dandaji na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, ƙasar Hausa ce tsantsa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun yi amfani da irin wannan tubalin wajen gina sabon masallaci, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu, aka kammala a 2018 tare da maginan yankin. Zazzau ba baƙuwa ba ce a wannan fanni: Masallacin Juma'a na birnin Zariya da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina da ƙasa da azara a ƙarni na 19, har yau masana daga ƙasashen duniya na nazarin bakan-gizonsa. Abin da ya rage shi ne a gwada ƙasar kowane wuri a ɗakin gwaje-gwajen jami'a kafin a buga tubali, don ba kowace ƙasa ke yin gini ba.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, wannan aiki ba zai ɗauke wa gwamnati nauyinta ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma wajibi, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC, jiha kuma ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Siminti da rodi da kwano daga nan ya kamata su fito, ko daga kasafin ƙaramar hukuma, ko kuɗin ayyukan mazaɓu. Ɗalibai ilimi da lokaci za su kawo. Haka kuma kafin a haƙa harsashi, hukumar SUBEB ta rubuta a takarda cewa za ta turo malamai. Mutanen Kaduna ba su manta da 2017 ba, lokacin da gwamnatin jihar ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar da aka yi musu. Aji mai kyau da babu ƙwararren malami a ciki, ƙarshensa ya zama rumbun masara ko makwancin awaki.

Akwai masu cewa tsaro ba zai bari a tura 'ya'yan mutane ƙauye ba. Damuwa ce ta gaskiya, kuma babu mahaifin da za a zarga idan ya yi ta. Amma kusancin yankin da Zariya ya rage nauyinta: ana iya fita da safe a dawo kafin magariba, a tsara tafiyar da sanin hakimi da jami'an tsaro. Ƙari a kan haka, a cikin ɗaliban akwai 'yan asalin Maƙarfi da Ikara da Kudan waɗanda gida za su koma. Su ya kamata a sa a gaba, kamar yadda Kéré ya koma Gando.

Babu buƙatar babban taro ko sabon kwamiti a Kaduna. Shugaban Ƙaramar Hukumar Maƙarfi da sakataren iliminsa su rubuta wa tsangayar injiniya ta jami'ar da shugabannin Kwalejin Nuhu Bamalli wasiƙa, a zaɓi makaranta ɗaya a mazaɓar Ɗandamisa, a fara da bulok ɗaya da makewayi. A fara aikin da zarar an gama girbi, lokacin da manoma ke da sarari kuma tubali ke bushewa da kyau. A manna lissafin kuɗin a jikin bango kowa ya gani. Idan rufin ya tsallake damina biyu ba tare da ya motsa ba, Ikara da Kudan ba za su jira a roƙe su ba kafin su nemi nasu.